Yadda ake gane kiref na ɗinki da kiref na ci, da yadda ake sarrafa kowannensu

Idan kika shiga Kantin Kwari a Kano kika ce kina neman kiref, yadi za a sauko miki da shi. Idan a Yamai kika faɗi haka a gidan cin abinci, wata waina ce mai faɗi, marar kauri, za a kawo miki, an barbaɗa mata sukari ko an shafa cakulan an naɗe. A kemis kuwa bandejin nan mai miƙewa za a miƙo miki, na ɗaure targaɗe. Duka ukun babu wanda ya yi miki kuskure. Kalmar ta Faransanci ce, suna rubuta ta crêpe, tushenta kuma wata kalmar Latin ce, crispus, wadda ke nufin abu mai murɗiya ko yamutsewa. Yadin fuskarsa a yamutse take, wainar gefenta na nannaɗewa idan ya ji wuta, bandejin ma saƙarsa a tattare take. Iyakar dangantakarsu ke nan.

Akwai wasu biyu da ba a cika tunawa da su ba. Takardar nan mai launi-launi da ake ƙawata ɗakin taro da ita, ko yara su yi furanni da ita a makaranta, ita ma kiref ce. Haka ƙasan wasu takalma mai launin zuma, mai kaushi da laushin taku: ɗanyen ƙaron bishiyar roba ne aka daskarar, aka bi da shi ta injin matsa ya fito falle-falle a yamutse. Takalmin Desert Boot na kamfanin Clarks na Ingila, wanda ya shiga kasuwa a 1950, da irin wannan ƙasan ya yi suna. Bandejin kuma maganarsa gajera ce. Ki fara naɗi daga ƙasan wurin ciwon ki yi sama, kowane zagaye ya rufe rabin na bayansa. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko mai ciwon ya ce ba ya jin su, to ya matse da yawa, a kwance a sake. Inda aiki yake shi ne wurin yadin da abincin.

Kiref na ɗinki: kafin ki fita kasuwa

Sunan kiref ba ya gaya miki da wane zare aka saƙa yadin. Yanayin fuskarsa kawai yake faɗa. Akwai na siliki, akwai na ulu, na auduga, na biskos, wato zaren da ake sarrafawa daga itace, da na foliyesta, kuma mafi yawan wanda ya cika kasuwanninmu na foliyesta ne. Shi ya sa za ki ga mata biyu kowacce ta ce kiref ta saya, ɗaya abayarta na shan iska, ɗaya kuwa ko ƙofar gida ba ta kai ba gumi ya jiƙa ta.

Kiref na asali daga murɗa zare yake samuwa. Ana murɗa zaren fiye da ƙima, har ya riƙa neman nannaɗewa da kansa. Wurin saƙa sai a jera wanda aka murɗa dama, a biyo da wanda aka murɗa hagu. Da an wanke yadin a masana'anta, kowane zare sai ya yi ƙoƙarin warwarewa ta ɓangarensa, fuskar yadin ta tattare ta yi ƙwaya-ƙwaya. Wannan murɗiyar ce ke ba shi ɗan miƙewa, ita ke sa ya zubo a jiki da kyau, ita ce kuma ke hana shi saurin yamutsewa. Akwai hanya mai araha: a saƙa yadi sumul, a bi da shi ta tsakanin ƙarafa masu zafi masu zane, su buga masa kaushin. A ido suna kama da juna. A hannu kuwa na bugawa ba shi da wannan ɗan tsallen da na murɗiya ke yi idan kika ja shi kika saki.

Ire-irensa da za ki fi cin karo da su: akwai marar nauyi mai ɗan sheƙi da ake kira crêpe de Chine, wato kiref ɗin Sin, na rigunan sama da mayafi. Akwai jojet, shara-shara mai kaushi, wanda ake danganta sunansa da wata tela Bafaranshiya, Georgette de la Plante, ta farkon ƙarni na 20. Akwai mai nauyi mai layi-layi da ake kira na Maroko. Akwai mai fuska biyu, gefe ɗaya satin mai ƙyalli, ɗaya kiref, wanda tela mai basira kan yi amfani da fuskokin biyu a riga ɗaya. Sai sikuba kiref, mai kauri da miƙewa sosai, wanda 'yan mata ke so don siket da riga mai kama jiki.

Wannan yadin da muke kai wa biki yau, a Ingila ta ƙarni na 19 kayan takaba ne. Wani baƙin kiref na siliki, mai tauri marar sheƙi, shi matar da mijinta ya rasu ke sawa shekara guda da kwana ɗaya. Sarauniya Biktoriya ta shiga baƙaƙen kaya bayan rasuwar mijinta Yarima Albat a 1861, ba ta fita daga cikinsu ba har ta rasu a 1901. Kamfanin Courtaulds da saƙar wannan kiref ɗin makoki ya yi arzikinsa na farko.

Tunda kiref iri-iri ne, tun a gida ki yanke shawara biyu: me za a ɗinka, kuma a wane yanayi za a sa shi. Baƙar abaya ta foliyesta mai kauri a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri azaba ce da kuɗinki. Idan ta zirga-zirgar rana ce, ki nemi marar nauyi ko na biskos. Mai kaurin ki bar shi don sanyi ko taron dare.

A shago

Kada ki saya da suna. Sunayen da 'yan kasuwa ke laƙaba wa yadi suna canzawa daga layi zuwa layi, kuma kowane mai shago zai ce miki, "Hajiya, wannan ba ya zuba, ba ya koɗewa." Ki ce masa to, Alhaji, sannan ki sa hannu.

Da farko ki damƙi yadin a tafinki, ki matse, ki ƙirga goma, ki saki. Mai kyau zai baje nan take, ko ya bar 'yar alama kaɗan. Idan ya tsaya a cukurkuɗe, haka zai yi miki duk lokacin da kika tashi daga zama. Biskos ya fi foliyesta riƙe alama, wannan halinsa ne, ladansa kuma shi ne sanyi a jiki.

Daga nan ki roƙi a fito miki da shi bakin ƙofa. Fitilar shago tana ɓoye abubuwa biyu: ainihin launi da yadda yadin ke nuna jiki. Ki sa tafin hannunki a bayansa ki ɗaga wa haske. Idan kina ganin yatsunki, to sai da shafi, ki sa kuɗin shafin cikin lissafi tun yanzu. Baƙi ma iri-iri ne, wani yana ɗaukar ja-ja a rana, wani kore-kore, kuma a abaya wannan ba ya ɓoyuwa.

Sai ki ja shi ta tsawo, ki ja ta faɗi, ki ja ta kusurwa. Ki lura ko yana komawa yadda yake. Wanda ya miƙe bai koma ba, shi ne zai yi miki jaka a gwiwa da mazaunai. Ki ɗora yadi biyu a kan hannunki ki bar shi ya zubo, ki ga ko yana kwanciya ko yana tsayawa ƙiƙam. Idan mai duhu ne ko ja, ki jiƙa farin hankici ki goga a gefensa. Launin da ya biyo hankici zai biyo farin ɗankamfai da fatar wuya.

Tambaya ta gaba ita ce faɗi. Galibi ko dai inci 45 ne ko inci 58 zuwa 60, yadi ɗaya kuma inci 36 ne a tsawo. Yadi huɗu na mai inci 45 da yadi huɗu na mai inci 60 ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutum kan ɗauka ya yi araha alhali ƙunci ya saya. Ga mace matsakaiciya, abaya marar tattara da yawa takan ci yadi uku da rabi zuwa huɗu a mai faɗin inci 60. Mai baza ko mai manyan hannuwa ta fi haka, gara ki tambayi telanki kafin ki fito. Ki ƙara rabin yadi a kan abin da ya ce, kuma a yanka miki duka daga bandir ɗaya, don bandir biyu masu lamba ɗaya kan bambanta a launi.

Idan an ce miki siliki ne aka kuma sa masa kuɗin siliki, ki karɓi ɗan ƙyalle ki gwada a gida. Ki riƙe shi da ƙarfe a kan kwano mai ruwa, ki kunna masa ashana. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi, su bar baƙin gawayi da ke murmushewa a yatsa. Biskos da auduga suna ci da sauri da warin takarda, su bar toka mai laushi. Foliyesta narkewa yake yi, ya ja baya daga wuta, ya bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murmushewa. Ki kiyayi yatsunki, narkakkiyar roba tana manne wa fata.

Daga wanki zuwa kalmasa

Ki wanke yadin kafin a sa masa almakashi, musamman na biskos da na auduga, don suna tsukewa a wankin farko. Ruwan sanyi, sabulu marar ƙarfi, ba murza ba matsewa da ƙarfi, a shanya a inuwa. Idan bayan ɗinki ya tsuke, hannun riga ya tsaya a tsakiyar damtse, laifin ba na tela ba ne. Na ulu da na siliki mai tsada kuwa, masu wankin da ba ruwa ya kamata a kai wa.

Guga ta baya ake yi, da wuta kaɗan, a shimfiɗa ƙyallen auduga tsakanin dutse da yadin. A ɗora a ɗaga, kada a goga da ƙarfi, don dannawa na kashe ƙwayar yadin ya bar tabo mai sheƙi da ba ya fita. Dutsen gawayi da foliyesta ba su jituwa, sai in an bar shi ya huce sosai an gwada a guntun da ya rage.

Wurin yanka, santsi ne matsalar. A shimfiɗa tsohon zanen gado na auduga a kan teburi, a ɗora kiref ɗin a kai, ba zai riƙa zamewa ba. Kada a bar sauran yadin yana rataye a gefen teburi, nauyinsa zai ja abin da ake yankawa ya karkace. Marar nauyi an fi samun daidaito idan aka yanka shi falle ɗaya-ɗaya maimakon a ninke. Wani kiref ɗin gabansa da bayansa kusan ɗaya ne, don haka a sa alama da alli a bayan kowane yanki tun ana yanka, kuma duk yankuna su fuskanci ɓangare ɗaya. In ba haka ba, a rana za a ga hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Allura sabuwa, siririya: lamba 9 ko 11 ga marar nauyi, lamba 14 ga mai kauri. Tsohuwar allura mai dakusasshen baki tana fizgar zare ɗaya, layi ya bayyana tun daga kafaɗa har ƙasa. Sikuba kuwa allurar yadi mai miƙewa yake so, mai ɗan dunƙulallen baki, in ba haka ba keke zai riƙa tsallake ɗinki. A rage tsawon taku zuwa kamar milimita 2, a sassauta zaren sama kaɗan, a gwada a guntu tukuna. Idan ɗinki na tattarewa ko keke na haɗiye yadin, a sa siririyar farar takarda a ƙasa a ɗinka tare, daga baya a yage ta. Takardar jarida tana barin tawada.

Kiref yana zarewa a baki, dole a rufe bakin. Mai kauri wibin, wato ɗinkin keken da ke naɗe bakin yadi da zare, ya ishe shi. Shara-shara irin jojet kuwa wibin yana nunawa ta waje, ya zubar da darajar rigar. Abin da ya dace da shi ɗinki biyu ne: a haɗa yankunan baya da baya a ɗinka kusa da baki, a rage bakin da almakashi, a juya su gaba da gaba a sake ɗinkawa, ɗanyen bakin ya shige ciki ya ɓace. Yana cin lokaci, shi ya sa ba kowane tela ke yi ba sai an nema an kuma biya.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda gaggawar sallah ke cinyewa. Kafin a yi kalmasar ƙasa, a rataye rigar ta kwana. Wuraren da aka yanka a karkace, kamar gefen siket mai baza, suna saukowa da nauyinsu. Idan aka kalmashe nan take, bayan kwana biyu gefe ɗaya zai riƙa sharar ƙasa. A bari ta gama saukowa, mai ita ta sa da takalmin da za ta fita da shi, a daidaita, sannan a kalmashe siriri. Lokacin hunturu kuma foliyesta na manne wa ƙafafu saboda bushewar iska, shafin auduga ko ɗan man shafawa a ƙafa yana rage wannan.

Kiref na ci

Gidansa yankin Biritaniya na arewa maso yammacin Faransa, wanda Faransawa ke kira Bretagne, ba ƙasar Birtaniya ba. A can iri biyu ne. Mai zaƙi da fulawar alkama ake yi. Mai gishiri, wanda suke kira galette, da garin wani hatsi mai duhu ake yi, sarrasin, da ruwa da gishiri. Suna toyawa a kan wani faffaɗan ƙarfe zagayayye marar baki, su baza ƙullun da ɗan katako mai siffar harafin T. A Faris, unguwar Montparnasse ta cika da gidajen sayar da shi, saboda a tashar jirgin ƙasan wurin mutanen yankin ke sauka idan sun zo neman aiki. Ranar 2 ga Fabrairu kuma, bikin Kirista da suke kira Chandeleur, gidaje da yawa a Faransa kiref suke ci, har akwai al'adar riƙe tsabar kuɗi a hannu ɗaya ana wulla wainar sama da ɗayan.

Wadda ta iya wainar fulawa ta yi rabin tafiya. Bambancin shi ne kiref ƙullunsa ya fi ruwa, da madara da bota ake haɗa shi, ba a sa masa albasa ko attarugu a ciki, kuma ba soya shi ake yi a mai ba, shafa man kawai ake yi. Ba ya son yis, ba ya son bakin foda. Duk abin da zai sa ya tashi ya mayar da shi fanke.

Ga abin da zai ba ki kamar guda goma sha biyar a kasko matsakaici: fulawa giram 250, wato kofi biyu, ƙwai huɗu, madara rabin lita, bota giram 50, kamar babban cokali uku da rabi, a narkar, sukari babban cokali biyu, gishiri ɗan kaɗan. Idan madarar gari gare ki, ki dama babban cokali takwas a ruwa rabin lita, kuma ledar ruwan sha ta santilita 50 daidai rabin lita ce. Idan ta gwangwani ce, gwangwani ɗaya da rabi ki cika da ruwa har ya kai rabin lita. Babu bota, man gyaɗa cokali uku ya wadatar. Man shanu ma yana yi, in dai gidanku na son ƙamshinsa. Idan da nama za a ci, ki cire sukarin.

Ki tankaɗe fulawar a roba mai zurfi, ki zuba gishiri da sukari, ki yi rami a tsakiya ki fasa ƙwan a ciki. Ki fara kaɗawa da maburgi daga tsakiya, fulawar na faɗowa kaɗan-kaɗan daga gefe. Ki zuba kamar kashi ɗaya cikin uku na madarar, ki buga har ya zama kwaɓi mai kauri sumul. A nan ake kashe gudaji, tun yana da kauri. Idan kika juye madarar gaba ɗaya tun farko, gudajin zai riƙa yawo a ruwa yana guje wa maburgi. Bayan ya yi sumul sai ki ƙara sauran madarar a hankali, botar ta zo a ƙarshe, narkakkiya amma ba mai zafi ba. Idan duk da haka akwai gudaji, ki tace da rariya, ba abin kunya ba ne. Mai bilenda kuwa ta zuba masu ruwa a ƙasa, fulawa a sama, rabin minti ya isa.

Kaurin da ake nema kamar na madarar gwangwani ne: ya rufe bayan ludayi da ɗan siririn shafi, ya zuba ba tare da yankewa ba.

Sai ki rufe ki ajiye shi minti talatin zuwa awa ɗaya. Kada ki tsallake wannan. A lokacin ne fulawar ke shan ruwa, danƙon da bugu ya tayar ya kwanta, kumfa ya faɗa. Ƙullun da bai huta ba yana ba da waina mai tauri da saurin yagewa. Tunda akwai ɗanyen ƙwai da madara, a firij ya kamata ya huta. Idan babu wuta, ki sa robar cikin ruwan sanyi a inuwa, kada kuma ya wuce awa ɗaya. Bayan hutun za ki ga ya ƙara kauri, ki juya shi, ki ƙara madara ko ruwa cokali biyu ko uku ya dawo yadda yake.

A bakin wuta

Kasko mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da gajeren baki, faɗin santimita 22 zuwa 26, irin wanda ba ya kama abinci. Na ƙarfe ma yana yi idan ya saba da mai. Wuta matsakaiciya. A gawayi, ki bari ya gama ruruwa ya zama garwashi, ki baza shi, don harshen wuta yana ƙona tsakiya ya bar gefe ɗanye. Ki yarfa ɗigon ruwa, idan ya yi cuu ya ƙafe nan da nan, kaskon ya yi. Ki dangwali mai da ɗan tsaftataccen ƙyalle ko rabin dankalin Turawa da aka soke da cokali mai yatsu, ki shafe kaskon. Kada mai ya kwanta.

Yanzu ga wurin da hannu ke koyo. Ki ɗaga kaskon daga wuta da hannu ɗaya, ki zuba ƙullu kamar rubu'in kofi da ɗayan, a daidai lokacin kina juya wuyan hannunki ƙullun ya zagaye ƙasan kaskon gaba ɗaya. Daƙiƙa biyu ko uku gare ki kafin ya kama. Idan ya yi saura yana gudana, ki mayar da shi cikin roba. Idan an sami 'yar ɓula, ki ɗiga ƙullu ki toshe. Ki mayar kan wuta. Cikin kamar minti ɗaya saman zai daina sheƙi, gefen ya bushe ya fara ɗagowa. Ki zura siririn cokalin katako ko wuƙa marar kaifi ta ƙarƙashi ki juya. Ɗaya gefen rabin minti ya ishe shi, kuma ba zai taɓa yin kyan na farkon ba, shi ya sa shi ake sawa a ciki wurin naɗi.

Na farko kusan kullum lalacewa yake yi, ko a hannun gwanaye. Ki ɗauke shi a matsayin gwaji, ki karanta abin da ya gaya miki. Idan ƙullun ya daskare kafin ya zagaye, wuta ta yi yawa ko ƙullun ya yi kauri. Idan ya fito fari fat, yana danƙo, wuta ta yi kaɗan. Idan yana yagewa wurin juyawa, ko kin yi saurin taɓa shi, ko ruwa ya yi yawa, sai ki ƙara fulawa cokali ɗaya da kika dama daban. Idan ya yi ƙananan huji ko'ina, kaskon ya yi zafi ƙwarai ko mai ya yi yawa. Ki riƙa juya ƙullun kafin kowane ɗiba don fulawa na kwanciya a ƙasa, ki sake shafa mai bayan kowane biyu ko uku. Waɗanda suka gasu ki jera su kan juna a faranti ki rufe da wani farantin, tururinsu ne ke riƙe musu laushi.

Abin sawa a ciki, a ganina mafi sauƙin ya fi daɗi: ɗan bota, sukari, da matsin lemon tsami, a ninka biyu a sake ninkawa ya zama kusurwa uku. Zuma da ayaba na biye. Yara cakulan za su nema, ki shafa kaɗan, don yawansa na danne ɗanɗanon wainar. Na gishiri kuwa, ki soya niƙaƙƙen nama ko kaza da albasa da tattasai, ki bari ruwan ya ƙone tas, don miya mai ruwa tana jiƙa shi ya fashe. Ko ki yi irin na mutanen Bretagne: bayan kin juya, ki fasa ƙwai a tsakiya, ki barbaɗa cuku, ki rage wuta, ki ninko gefe huɗu ki bar ƙwanduwar a buɗe har farin ya nuna.

Wadda za ta ci a ƙasar waje ko a babban otal ta yi tambaya kafin ta yi oda. Wanda ake kira galette complète da naman alade yake zuwa tare da ƙwai da cuku. Crêpes Suzette kuma da giyar lemo ake haɗa miyarsa, a kunna mata wuta a gaban mai ci, kuma wutar ba ta ƙone giyar duka. Wasu ma tun a ƙullu suke ɗiga giya don ƙamshi. A gida za ki sami kusan wannan ɗanɗanon idan kika dafa ruwan lemon zaƙi biyu da ɗan kankararren ɓawonsa, da bota da sukari, har ya yi ɗan kauri, ki tsoma ninkakkun wainar a ciki su sha.

Wanda ya rage, idan ya huce ki naɗe a leda ki sa a firij, zai kai kwana biyu. Don ajiya mai tsawo, ki sa takardar gasa kek tsakanin kowane biyu ki kai firiza, wata guda ba abin da zai same shi in wuta ba ta yawan ɗaukewa. Ki bar shi ya saki da kansa kafin ki ɓamɓare, sannan ki ɗumama a busasshen kasko, daƙiƙa ashirin kowane gefe.